Warin da na saka wa kaskon Hadassah

Ina tsugune ina tsinke zogale da hantsin wata Alhamis wayata ta yi ƙara. Grace ce, 'yar ƙawata Hadassah Tagwai. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Mama Asabe, Mama ta rasu yanzu a asibiti." Na ce to. Na kashe wayar, na ci gaba da tsinke zogalen har na gama kwanon.

Shekara talatin da ɗaya muna tare. A wata masaƙa a Kakuri muka haɗu, injinta na kusa da nawa, ita 'yar wajen Kagoro, ni haifaffiyar Makera. Gajeriya ce mai faɗan tsiya, in tana dariya sai ta riƙa dukan kafaɗar mutum. Da aka rufe masaƙar na kama sayar da atamfa, ita kuma ta koma sana'ar uwarta, gashin kek, a gidanta na Trikania. Da shi ta riƙe 'ya'ya uku bayan mijinta Sam ya rasu.

Uwarta ta yi aikin kuku a gidan wani Bature, da zai koma ƙasarsu ya bar mata kaskon gashi guda uku na wani irin yumɓu mai nauyi kamar dutse. Biyu sun fashe tun da daɗewa. Ɗayan da ya rage ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi, kuma ni gaskiya tun ranar da na fara ganinsa yake ba ni ƙyama. An raine ni a kan cewa tukunyar da ba ta haske ta ƙazama ce. Hadassah kuwa ba ta bari sabulu ya taɓa shi. Ruwan ɗumi kawai, ta kankare da ɗan katako, ta goge. A cikinsa aka gasa kek ɗin aurenta, kuma ta ƙudura a cikinsa za a gasa na Grace a watan Disamba.

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah obin ɗinta ya lalace, ta zo ta yi gashi a nawa. Kaskon da zafi, ta ce in ajiye mata, za ta ɗauka bayan Sallah.

Ranar Sallah kowace roba ta gidan ta cika da nama. Na wanke tumbi da hanjin rago, na rasa inda zan zuba, sai ga kaskon. Na juye a ciki, na tura cikin obin saboda ƙuda, na rufe. Baƙi suka yi ta shigowa. Na manta.

Kwana huɗu, ga zafi ga damina. Tun rana ta uku muke jin wani abu, muka jawo firji, muka ɗaga buhun shinkafa muna neman mushen ɓera. Da na buɗe obin ɗin, ɗoyin bugo ni ya yi kamar mari. Hanjin ya kumbura ya koma kore, ya saki wani ruwa mai yauƙi, tsutsotsi farare suna iyo a ciki, wasu sun hau bakin kaskon suna faɗowa. Na yi amai a bakin rariya har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

Da a nan na kira ta na faɗa mata, da abin ya zo da sauƙi. Kunya ta hana ni. Na jiƙa kaskon kwana biyu cikin garin sabulu da bilic, na dirje shi da toka da soson ƙarfe har baƙin nan na shekara da shekaru ya fita. Na shinshina, da saura. Sai na yi masa abin da uwata take yi wa sabon tulu: na kife shi a kan kaskon turaren wuta, ya sha hayaƙi har ya ƙoshi.

Da ta gan shi fari fat ta ɗora hannu a ka. "Asabe, wa ya aike ki? Baƙin nan shi ne ransa!" Na ce wankewa kawai na yi. Ban ambaci hanji ba. Ita kuma wata mura mai tsanani da ta yi shekaru uku baya ta kashe mata hanci, ɗanɗano ma sai kaɗan take ji. Ta shafe shi da mai, ta gasa kek, ta kai wa zumuntar mata a cocinsu.

Washegari ta iso gidana ba sallama, ta dire mini yanki ɗaya a cinya.

"Ci."

Na gutsura. Da farko zaƙi, sai ɗacin sabulu, sai ƙamshin turare, daga ƙarshe ruɓaɓɓen hanjin nan ya taso daga ƙasa ya cika mini baki. Kamar mushe ne aka yi wa kwalliyar amarya. Na tofar a tafin hannuna.

"Haka matar fasto ta yi," in ji ta. "A cikin hankici. Mata arba'in suna kallona, ni kuwa ina ta washe baki ina cewa a ƙara. Me kika yi masa?"

Na faɗa mata duka. Ta zauna a kan turmi. Na ce zan nemo mata wani a kasuwa.

"Uwata ce ta gasa a na kasuwar? Yumɓun nan shan abu yake kamar soso, Asabe. Duk abin da kika ba shi ya haɗiye. Ke kika cusa masa, ke za ki fitar. Ni ba ni da hanci, naki zan ara."

Daga nan kowace Talata ina Trikania. Ta koya mini a dama bekin soda da ɗan ruwa ya yi kauri kamar kunu, a shafe kaskon ciki da waje, a bar shi ya bushe, a kankare da katako, a ɗauraye da ruwan ɗumi. Ba a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa zai yi. Sai ya sha rana kwana biyu ya bushe har cikinsa, sannan a shafa man gyaɗa siriri, a sa shi a obin tun obin ɗin yana sanyi su yi zafi tare. Talatar da ta biyo baya mu gasa ɗan ƙaramin kek, ni in ci.

Wannan cin shi ne hukuncina. Da kaskon ya ɗauki zafi sai warin ya farka ya cika kicin, ni ina toshe hanci da mayafi, ita tana tsaye a tsakiyarsa hankali kwance.

"Yau me kika ji, Hajiyar turare?"

"Bilic ya tafi. Hanjin yana nan."

"Haɗiye, kar ki tofar. A maƙogwaro yake ɓuya."

Kajin maƙwabta ma sun shinshina na makon farko sun juya. Na daina cin kayan ciki, har yau ban koma ba. Sau da yawa na so in ce mata ya fita don in huta, ai ba za ta gane ba. Sai in tuna mata arba'in ɗin nan, in tuna taron bikin Grace zai ninka su, in faɗi gaskiya.

Muna cikin haka ƙafafunta suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce. A watan Satumba a zaune take ba ni umarni, a Oktoba kuma daga kwance a doguwar kujerar falo, ƙofar kicin a buɗe don ta riƙa hango hannuna. Ko cokali na riƙe ba daidai ba sai ta yi tsaki. Kaskon ya soma komawa ruwan ƙasa, gefensa yana duhu.

Talatar ƙarshe kafin rasuwarta na fito da kek ɗin, na bari ya huce, na zauna kusa da kanta na gutsura. Na tauna a hankali, na haɗiye, na jira abin nan ya taso. Bai taso ba. Na ƙara yanka daga gindin, inda ya fi manne wa kaskon. Ƙwai da bota kawai na ji.

"Maman Grace, ya fita."

"Kar ki yi mini ƙarya don kin gan ni a kwance."

"Wallahi ya fita."

"Ƙara ci in gani."

Na cinye rabinsa a gabanta, hawaye na zubo mini. Ta zuba wa fuskata ido, tana neman inda zan yamutsa. Da ba ta samu ba ta lumshe ido, ta ɗan daki kafaɗata, dukan ba ƙarfi.

"To naɗe shi a zani ki tafi da shi. Ke za ki gasa na bikin."

"Ni? Bayan abin da na yi masa? Ke za ki tashi ki gasa abinki."

"Dube ni da kyau, Asabe. Grace ba ta da haƙurinsa. Ke kaɗai kika san wahalarsa yanzu."

Na naɗe shi, na ɗauka, na kai bakin ƙofa. Ta kira ni.

"In kin shiga Keke Napep kar ki ajiye shi a ƙasa. Hanyar nan duk ramuka ce."

"A cinya zan ɗora."

"Ba a cinya ba. Rungume shi."

"Na rungume, Maman Grace."

"To, ki gaida gida."