Ranar da Na Kai wa Mai Shadda Shaddarsa Talla

Kafin wiwi ta same ni, ƙwaƙwalwata kamar ƙaya take, komai ya gifta sai ta kama. Babana mai ɗinkin babbar riga ne a Ƙofar Kuyambana. In na hango sabon aiki a wuyan wani a masallacin Juma'a, kafin a zuba abincin rana na zana shi tsaf.

Sai Ɗanliti abokina ya ja ni bayan ganuwa. Ya ce, "Zuƙa ɗaya kawai, ɗan tela. Allurarka za ta fi keke gudu."

Ba allurar ce ta yi gudu ba, hankalina ne. A aike ni sayen zare, in dawo da ƙosai. Na taɓa birkice shago kaf ina neman allura, tana maƙale a bakina. Aikin aska takwas kuwa, wanda ko akuyar gidanmu ta san a hagu ake ɗora shi, na zauna na ƙawata shi a dama. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Auwalu, wa ya sace mini kai?"

Da abin sayen wiwi ya gagara, na saci shaddar da Alhaji Tanimu ya kawo ɗinkin auren ɗansa. Ni na karɓe ta a hannunsa. Amma na shiga kasuwa, na tsaya gaban wani dattijo, na ce, "Alhaji, ga shadda da arha."

Ya shafa ta, ya ce, "Lallai mai kyau ce. Ai ni na zaɓo ta." Ashe Alhaji Tanimu ne da kansa.

Haka na tsinci kaina a gidan horon yara. Ba ɗaurin ne ya dame ni ba. Ranar da malamin sana'a na gidan ya ce in zana masa aikin aska, hannuna ya tsaya cak. Na yi kuka har da majina.

Da aka sake ni, na durƙusa gaban Baba na tuba. Bai yi dogon faɗa ba, allura ya miƙo mini.

Yanzu alhamdu lillahi, ina ci, ina ɗinki, ƙwaƙwalwar tana dawowa a hankali kamar tsohuwa daga unguwa. Sai dai har yau Baba ke yi mini zanen da a da nake yi da ka.

'Yan uwana, in an miƙo muku, ku tambayi mai miƙowar me ya ci da safe. In ya tsaya tunani, ku yi ta kanku.