Tiyo Uku na Shagon Kafinta

Dogo ya shekara talatin yana gyaran injin iska, wannan da ake hura taya da shi ko a kakkaɓe ƙura. Shi dai aikinsa na da ban haushi. In ka ce ya zaɓa maka inji, ba zai buɗe baki ba sai ya wuni a shagonka, agogo a hannu, yana ƙirga tiyo nawa ake buɗewa lokaci guda da minti nawa suke yi. Mutane girman tanki suke kallo. Shi kuwa abin da ya dama shi, iskar da injin ke mayarwa ta kai wadda ake zuƙewa ko ba ta kai ba.

'Ya ɗaya gare shi, tana auren wani kafinta. Kafintan nan bai yi shawara da kowa ba, ya je ya sayo jan inji mai ƙaton tanki don share garin katako, sannan ya aika a kira surukinsa ya zo ya gani. Yabo yake so, ba wani abu ba.

'Yar ta tari uban a bakin ƙofa, ta rage murya. "Baba, don Allah ka ce ya yi. Ka san halinsa, in ransa ya ɓaci sai ya hana ni zuwa gida."

Dogo ya wuce ciki. Ya zagaya injin, ya duƙa ya karanta rubutun ƙarfen da ke jikin moton da ke juya injin. Tabɗi! Tanki kamar randa, moto kuwa na mai faci. Ya sa ma'aikata uku kowa ya riƙe tiyonsa, suka buɗe tare. Kafin minti ɗaya allurar ma'aunin iska ta kwanta, iskar ta koma huci, garin katako ko motsi bai yi ba.

Kafinta ya ce, "Baba, ya ka gani?"

Dogo ya dubi 'yarsa, tausayinta ya kama shi. Amma bakinsa bai iya wannan ƙaryar ba. "Bai isa ba. Sai wanda ya ninka shi uku, in ba haka ba motonka zai ƙone kafin wata biyu."

A gaban ma'aikata fa ya faɗa. Kafinta ya yi godiya a tsaitsaye, ya shige ciki.

Wata huɗu ke nan 'yar ba ta taka gidan uban ba. Ran nan da la'asar hanya ta bi da Dogo ta bayan shagon, sai ya ji ƙugin wani sabon inji. Ya tsaya jikin katanga yana saurare. Tiyo uku ne ke aiki, injin na hutawa yana tashi daidai wa daida, irin wanda ya ce a saya ne sak. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗan jira ko za a leƙo. Babu wanda ya leƙo, ya ja kekensa ya wuce.