Soron da Ladan Magini Ya Sa Aka Rufe

Ladan Magini mutumin Katuru ne, maƙwabcina shekara arba'in. Ginin ƙasa ya gada, kuma duk soron da ya ɗaura wa baka tsakanin Shinkafi da Zurmi yana nan tsaye. Ba shi da yawan magana.

Shekara uku da suka wuce, wata babbar makaranta can gaba da Ƙaura ta tashi gina zauren wasanni da zane-zane. Mai zanen ginin, Injiniya Misbahu, ya so mashigar ta zama soro irin na da, ɗalibai su riƙa ratsawa ta ƙarƙashin aikin kakanninsu. Aka aiko mashin ya ɗauki Ladan.

Bakan da ke riƙe rufin soro da azara ake ɗaura shi, azara kuwa daga giginya take. Ladan bai taɓa aiki da wadda ba shi ya zaɓa ba. Yakan shiga dajin Galadi ya ƙwanƙwasa itace, ya ware tsohon namiji mai tauri, wanda gara ba ta ci. Yanzu dajin ba ya shiguwa, kowa ya san dalili. Sai aka sayo azara a kasuwa. Ya ɗaga guda ya ji ba nauyi, ya ajiye. Ranar buɗewa ta matso, ya yi shiru ya ɗaura.

Soro ya yi kyau, aka yi ta ɗaukar hoto. Amma da damina ta faɗi Ladan ya rage cin tuwo. Matarsa Rekiya ta gaya mini in hadari ya haɗo sai ya yar da fartanya ya tsaya yana kallon kudu, inda makarantar take. Sau biyu ya bi wannan hanya da ba a bi sai dole, don kawai ya duba rufin. A zuwa na biyu ya ga garin itace a ƙasa, alamar gara ta fara cin azarar.

Ya sami Misbahu a ofis, ya gaya masa rufin na iya faɗuwa. Injiniyan ya yi dariya, ya ce ai aikin Ladan bai taɓa ko tsagewa ba.

"Ranka shi daɗe, tun ranar farko na san azarar ba ta da ƙwari, ban faɗa ba," in ji Ladan. "A rufe ƙofar nan, ɗalibai su bi ta baya."

Aka rufe, aka sa kwaɗo. Magana ta zaga har Zurmi cewa Ladan ya tsufa. Bana ba wanda ya kira shi aiki, gero yake nomawa. Soron bai faɗi ba tukuna, kuma duk wanda ya dawo daga can, Ladan yakan tambaye shi ko kwaɗon yana nan a ƙofar.