Gurasar da Kunne ke Gasawa

Litinin: Damagaram zuwa Agadas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni daga ƙofar gida zuwa gar, wato tashar mota, akwatin kamera a cinyata, buhun kaya a bayana. Tikitin Agadas jikka tara. Ƙarfe biyar da kwata, bayan mun yi salla, kar ɗin, wato babbar motar fasinja, ta ɗaga.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Shekara bakwai ina haɗa ƙananan finafinai, uku na kai gasa, ukun duka suka dawo mini. A na ƙarshe wani alƙalin gasar ya ja ni gefe ya ce aikina da tsabta, sai dai babu abin da ke ciki wanda bai taɓa gani a wani wuri ba. Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. Na yi wa matata Rabi alkawari cewa in wannan karon ban kawo abin da yake nawa ba, zan sayar da kamera in koma shagon yayana. Abin da zan ɗauko kuwa girkin Gwaggo Hajara ne, ƙanwar babana, wadda ta bi mijinta ma'aikacin ma'adinai zuwa Arlit tun ban zo duniya ba.

A Tanut muka karya da shayi da burodi, dala hamsin. A Adarbisanat jandarmomi suka karɓi katin kowa, ni kuma aka buɗe akwatina. Na nuna takardar izini. Da jandarman ya ji tuwon wata tsohuwa zan yi tafiyar kusan kilomita ɗari bakwai in ɗauka, ya miƙo mini katina yana dariya, ya ce Allah ya ƙara mini aikin yi. Ƙarfe biyar na yamma muka shiga Agadas, na kwana kan tabarma a cikin gar.

Talata: Agadas zuwa Arlit

Kilomita ɗari biyu da arba'in ne, amma sun fi na jiya cin rai. Kwalta ta mutu a wurare da dama, shofer yakan bar ta ya bi rairayi. Bayan mararrabar Cirozerin turakun kuran, wato wutar lantarki, suka jera da mu, wani dattijo ɗan Tawa da ke kusa da ni ya ce in na ɓata in bi su, Arlit za su. Ya tambayi abin da ke cikin buhuna. Na lissafa masa: sababbin kwanonin tangaran, farin ƙyallen tebur, ɗan murhun gas, irin dai waɗanda nake gani a shirye-shiryen girki na cikin waya. Ya dube ni ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Da la'asar muka isa. Gwaggo na zaune a zaure tana jira. Idonta ya yi rauni sosai, sai da ta shafa fuskata kafin ta yarda ni ne. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Laraba: ranar da na ɓata gari

Girkin nan da ake ba mu labarinsa a gida tun muna yara, kwaɗon tagalla ne. Tagalla gurasar Abzinawa ce, ta garin alkama, da ake binnewa cikin rairayi mai zafi a rufe da garwashi. Gwaggo ta ce shekarar da ta zo, marmarin dambu ya kusa kashe ta, ga gero ya yi wuya. Maƙwabciyarta Fatimata, Ba'abziniya, ta koya mata tagalla. Ita kuma ta marmasa ta, ta zuba busasshen zogalen da ta taho da shi daga gida, da ƙuli-ƙuli, da dakakken cuku, da man shanu. Fatimata ta ce an ɓata musu abinci, sannan ta cinye kwanon. Har yau su biyun ke yi tare, kowace tana cewa ita ce mai shi.

Da hantsi na shimfiɗa farin ƙyallena, na jera tangaran. Fatimata ta ɗaga murhun gas da yatsa biyu ta aje bayan randa. Suka hura itace a kan rairayin tsakar gida, suka kwaɓa, suka ture garwashi, suka kwantar da ƙullun, suka rufe. Daga nan fa kamera ba ta ganin komai sai tudun toka da tsofaffi biyu suna hirar ciwon gwiwa.

Minti goma ina kallon toka, hankalina ya tashi. Na roƙe su su ɗan buɗe in ɗauki yadda take kumbura. Fatimata ta ce ba a buɗewa. Na nace, na ce daƙiƙa kaɗan ne, duk masu shirin girki haka suke yi. Gwaggo ba ta iya hana ni abu, ta sa sanda ta ture tokar. Ƙullun bai yi ɓawo ba tukuna, rairayi ya shige cikinsa, ya manne. Babu wankin da zai fitar da shi. Rabin tiyar gari ta tafi ga awaki.

Fatimata ta miƙe ta gyara mayafinta. "Abinci ba ɗan wasan sinima ba ne," in ji ta. "Kai ka buɗe shi, kai za ka ci shi." Ta fita.

Kunya ta rufe ni. Na zauna ina lissafin yadda zan iya zaman shago. Gwaggo ta bari sai da na gama hucin banza, sannan ta ce, "Babana, shekara huɗu ban ga tagalla da idona ba, kuma ban taɓa ƙona ta ba. Me kake nema ka gani? Zo gobe ka ji."

Alhamis

Da safe na sayi sukari da ganyen shayi na je na durƙusa wa Fatimata. Sai da ta sa na sha kofi uku kafin ta ce ta yafe. Na mayar da ƙyalle da tangaran cikin buhu, aka fito da tsohon akushin Gwaggo mai ɗinki a baki.

Da aka rufe ƙullun, na kwantar da mikro dab da tokar, na sa abin ji a kunne. Ashe ƙarƙashin tudun nan ba shiru ba ne. Akwai huci siriri, da ƙas-ƙas na garwashi yana mutuwa. Can Gwaggo ta ɗauki sanda ta bubbuga saman rairayin, ya amsa dum-dum, ta ce da saura. Suka juya ta a kan lokacinta, suka sake rufewa. Ta kuma bugawa, wannan karon ya ce ƙwal-ƙwal, ta ce a tono. Ban motsa kamera ko sau ɗaya ba, na bar ta a kan toka da hannun Gwaggo. Ranar na ci kwaɗon nan har na rasa inda zan sa kaina.

Juma'a da Asabar: komawa

Ƙarfe biyar na asuba Gwaggo ta rako ni zaure da tagalla biyu a ƙulle cikin farin ƙyallen nawa, ta ce ga amfaninsa. Na kwana Agadas, Asabar da magariba na shiga gida lafiya.

Kwana uku bayan haka ina ɗaki ina haɗa hotunan, ƙarar na fita ta taga. Rabi na tsakar gida tana wanke-wanke, ita da ba ta taɓa ganin tagalla ba, bugun sandar kawai take ji ina maimaitawa tun safe. Da bugu na biyu ya zo, sai na ji ta ɗaga murya: "Malam, ta nuna, ku tono ta kada ta ƙone." Na fito na same ta da kumfa a hannu, ita kanta tana mamakin abin da ta faɗa. Ta ce in kammala abina, maganar shago a bar ta.

Ban san abin da alƙalan gasa za su ce ba, amma wannan fim nawa ne, ban gan shi a wajen kowa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa dattijon Tawa, da Fatimata da ta yi mini faɗa ta kuma yafe. Gwaggo kuwa na buga mata waya na ce da na gama zan kawo mata ta gani. Ta ce gani ya wuce ta, in dai kawo, za ta saurara ta faɗa mini ko ya nuna.