Sammani Mai Jarida da Ragon Alhaji Lawal

Katangarmu ɗaya da Sammani a Ƙofar Sauri, don haka in na ce na san shi, har tarinsa na sani. Shekara ashirin yana sayar da jarida, amma a boko bai wuce ni ba, ni kuwa daga aji uku na gudu. Da launi yake gane kayansa: mai jan kai, mai koren kai, mai shuɗin kai.

Cinikinsa duk a GRA yake, kuma Alhaji Lawal ne ya riƙe masa shi. Tsohon babban sakatare ne, kullum jarida uku yake karɓa. Ƙa'idarsa ita ce, labari bai zama gaskiya ba sai ukun nan sun faɗe shi. Maƙwabtansa 'yan fansho suka kwaikwaye shi, kowa uku uku. Da wannan Sammani ya yi rufin kwano.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, wani attajiri da ke son a riƙa jin sunansa a siyasa ya saye jaridun nan duka ukun. Sammani a tasha ya gane, ranar da mota ɗaya ta sauke su, ɗauri ɗaya, igiya ɗaya. Direban ya ce masa ai yanzu mutum guda ke rubuta labarin, a raba musu.

Ya dawo gida ya same ni a dakali.

"Babaji, in Alhaji ya ji wanga zance, na mutu. Wa zai sayi abu guda sau uku?"

Na ce, "Kai da ka auri Binta, ka sake ta, ka mai da ita har sau biyu?"

Bai yi dariya ba. Dabara ya ɓullo da ita. Da hantsi ya kai mai jan kai, ya ce sauran motoci ba su iso ba. Wajen sha ɗaya ya koma da mai koren kai. Bayan azahar sai ga shi ta wata hanyar daban, yana haki, da mai shuɗin kai. Keke ya sha wuya, Sammani ya rame, ni kuma na samu abin tsokana.

Alhaji kuwa daɗi ya kama shi. Wai tun da farar hula suka dawo 'yan jarida suka daina ƙarya, kullum bakinsu ɗaya.

Ana nan sai wata Laraba jaridun suka buga sunayen waɗanda ake jin za a ba shugabancin hukumomi a Abuja. Sunan Alhaji na ciki. Ta farko ya ce jita-jita ce. Ta biyu ya gyara zama. Da ta uku ta iso, ya aika Babbar Kasuwa aka sayo rago, ya gayyaci unguwa walima washegari. Ni ma na bi Sammani, don ba a yin nama ban je ba.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi, mahauci na wasa wuƙa. Sammani sai gumi yake.

Na raɗa masa, "Ka bari a yanka tukuna, don Allah."

Ina! Ya je ya durƙusa gaban kujerar Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a dakata da ragon ga."

"Don mi?"

"Jaridun nan uku, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mota guda ke kawo su. Ni ke raba musu lokaci."

Alhaji ya cire tabarau. "Wata nawa?"

"Huɗu."

"Wata huɗu ina karanta mutum guda sau uku, ina gyaɗa kai?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji. In muƙamin ya tabbata, ni zan riƙe ƙafar ragon."

Aka mai da rago turke, muka watse ba komai a cikinmu sai ruwan sanyi. Bayan mako biyu rediyo ta karanto sunayen gaske, babu Alhaji ko a kusa.

Ya sa aka kira Sammani. Ya ce daga yau jarida ɗaya zai kawo, kowace ya ga dama, kuma sau ɗaya. Maƙwabta ma suka koma ɗaya ɗaya. Da Sammani ya juya zai tafi, Alhaji ya ce, "Kwance dabbar can ka tafi da ita. Ba na son ganinta."

Haka ya turo keke da hannu ɗaya, rago a ɗayan, har Ƙofar Sauri. Ciniki ya ragu, teburinsa yanzu rabi jarida rabi batirin rediyo. Ragon kuwa Sammani ya ƙi yankawa, wai sai Sallah. Na roƙe shi har na gaji.