Suna Biyu a Fayil Ɗaya

Shekarar da na shiga jami'a damina ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke, gero yana tsaka da fitar da kai, abin da muka girba a gonar Baba bai kai rabin rumbu ba. Ragon da Inna ta yi wata da watanni tana kiwo shi ya tafi a rajistar farko, ya bar mana igiya da turke. Saboda haka da aka liƙa sanarwa cewa gwamnatin jiha za ta tantance sababbin ɗalibai don ba su tallafin karatu, ban karanta ta da idon da 'yan ajinmu suka karanta ba. Su sabuwar waya da takalmi suke hange. Ni na san idan sunana bai fito ba, zango na biyu a gida Aujara zai same ni, da fartanya a kafaɗa.

Baba malami ne. Magidanta ke zuwa zaurensa ɗaukar karatun littattafai bayan asuba da bayan la'asar. Shi ya rene ni tun daga yaye, amma ba shi ya haife ni ba. Ƙaninsa ne mahaifina, manomi a ƙauyenmu na asali can wajen Miga. Ni ne ɗan farinsa, Baba da Inna kuma Allah bai ba su haihuwa ba, sai aka ɗauko ni aka kawo musu riƙo. Na tashi ina ce wa mahaifina Baffa, kamar yadda ake ce wa kowane ɗan'uwan uba. Shi kuwa saboda karar ɗan fari bai taɓa kama sunana ba. "Kai" yake ce mini, in zai yi zancena da wani ya ce "ɗan gidan Malam". In na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Ina da shekara goma wata tsohuwa mai bakin tsiya ta fasa mini ƙwan a gidan suna. Na ji, na haɗiye, ban kai zancen gida ba. A gidanmu ba a taɓa faɗa ba, ba a kuma taɓa musantawa ba.

Cikin takardun da masu tallafi suka nema har da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wannan sai dagacin garin iyayenka ya sa hannu kafin a buga hatimi a sakatariya. Baba da kansa ya hau mota ya tafi, ya kwana biyu, ya dawo ya zaro ambulan daga aljihun babbar riga ya miƙo mini. Bai iya karatun boko ba, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Na shiga ɗaki na buɗe. Sunana ne a rubuce, a bayansa sunan Baffa. Dagacin ya ci naman sunana, abin da ya sani shi ya rubuta.

Duk sauran takarduna kuwa, tun daga firamare, sunan Baba suke ɗauke da shi. Ba wanda ya shirya haka. Ranar da aka sa ni makaranta maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da 'ya'yansa ya kai mu. Hedimasta ya tambaya ɗan wa ne wannan, aka ce ɗan Malam, ya rubuta. Da wannan suna aka kira ni a aji, da shi aka yi mini bulala, da shi na ci jarrabawa. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Sai na tura takardar dagaci can ƙasan fayil, ina fatan mai dubawa zai zama mai gaggawa.

Ranar Litinin na isa wurin tantancewa a Dutse tun kafin rana ta yi zafi, na tarar da layi ya riga ni. Sai bayan azahar na kai gaban teburin. Wata mata ce mai manyanta, da tabarau a bisa hanci, kuma ba mai gaggawa ba ce. Ta jera takardun ɗaya bayan ɗaya kamar mai shanya wanki, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ɗago.

"Ɗana, wane ne babanka a cikin biyun nan?"

Da ƙyar na iya ce mata wa da ƙani ne, garinsu ɗaya. Tambaya ce da ko yaron goye za a ce ya amsa, ni ga ni ɗan jami'a ina zare ido. Ta ga halin da nake ciki, ta sassauta murya. Ta ce ba za su iya karɓar fayil mai mutum biyu a ciki ba. In je kotu iyayena su yi rantsuwa a rubuce cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, su kuma faɗi wanne ne na gaskiya, da shi za a shigar da ni. Ta ƙara da cewa ranar Juma'a suke rufewa.

A bakin ƙofa wani ɗalibi da ke bayana a layi, wanda ya ji komai, ya ja hannuna. "Kai ma da son wahala. Ba ka ce wa da ƙani ba ne, garinsu ɗaya? Ka koma wurin dagaci ya sake rubutawa da sunan da ke takardun makaranta, shi ke nan, wa zai bincika?" Wallahi na ji kamar an sauke mini dutse. Duk hanyar Dutse zuwa Aujara ina shirya yadda zan tsara wa Baba maganar.

Na jira har masu karatun la'asar suka tashi, na shiga zaure na zauna a gefen buzunsa. Na yi bayani a hankali, na kawo ƙarshe da cewa abu ne mai sauƙi, tafiya ɗaya ce kawai wurin dagaci. Baba bai ce komai a kan dagaci ba. Abin da ya tsaya masa daban ne.

"Tsaya tukuna. Wane suna ka ce yake a takardun makarantar?"

"Naka, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun aji ɗaya."

Ashe bai sani ba. Shekara goma sha biyu ina kawo masa sakamakon jarrabawa yana karɓa da hannu biyu yana sa albarka, bai san sunansa yana kai ba. Ya ce in ɗauko takardar gama firamare in karanta masa. Na karanta sunana, na karanta nasa a bayansa. Ya ce, "Sake." Na sake. Sai ya matso da takardar kusa da fuskarsa ya ce, "Ina nawa yake a nan?" Na kama ɗan yatsansa na ɗora a wurin. Ya daɗe bai ɗauke ba.

Na ɗauka na yi nasara. Amma da ya ɗago, sai ya ce, "Ba za a je wurin dagaci ba. Kotun za mu."

"Baba, kwana huɗu ya rage. In aka samu tangarɗa shi ke nan, na rasa."

"Shekara nawa ina zaune a kan buzun nan ina gaya wa mutane ba a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba? Da ban sani ba, da uzuri. Yanzu na sani. In je in sa dattijo ya rubuta ƙarya da hannunsa don a ba ka kuɗi?"

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce takarda ce kawai. Na ce wanda ake so a rubuta bai taɓa saya mini ko fensir ba, bai ma san kamannin fuskata ba tunda bai taɓa kallonta ba. Na faɗi wannan, kuma na san ba adalci na yi wa Baffa ba, don buhun geron da yake aikowa duk kaka ba daga sama yake faɗowa ba. Baba ya bar ni na gama.

"Takarda ce kawai ta tsayar da kai a Dutse yau," ya ce. "Ka ga ashe ba kawai ba ce. Tashi ka aika wa Baffanka, ya same mu a kotun Dutse jibi."

Ranar Laraba muka tarar da Baffa ya riga mu, yana tsaye a inuwar darbejiya da hular da yake sawa ranar Idi. Ya durƙusa ya gaida yayansa, ni kuma ya amsa gaisuwata yana duban tayar wani babur. Muka je wurin mai buga takardu a rumfar bakin kotu. Ya ji bayani, ya juya wajen Baffa ya ce, "Kai ne mahaifin? Sunan yaron?" Baffa ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa. Mai bugun ya ce, "Ikon Allah, Malam, sunan ɗanka ne ba ka sani ba?" Baba ya yi maza ya faɗa masa, ya rufa wa ƙaninsa asiri.

A ciki babu wannan damar. Ma'aikacin da ke rantsarwa ya karanta takardar, ya fassara musu da Hausa, ya ce kowa ya faɗa da bakinsa. Baba ya fara. Ya miƙe tsaye, da muryar nan tasa ta karantarwa, ba rawa ba gaggawa, ya ce, "Ni na rene shi. Ban haife shi ba. Ɗan ƙanina ne." Na san haka tun ina shekara goma, amma ban taɓa jin ta daga bakinsa ba. Ta yi mini ciwo fiye da yadda na zata, na kafa idona a kan fankar da ke juyawa don kada hawaye ya kunyata ni.

Aka zo kan Baffa. Ya faɗi sunana can ƙasan maƙogwaro. Ma'aikacin ya ce bai ji ba. Ya sake faɗa, wannan karon kowa ya ji, har muryarsa ta karye a tsakiya. Sau nawa ina yaro na kwanta ina tunanin yadda sunana zai kasance a bakin mutumin nan. Ga shi na ji, ban kuma ji daɗin komai ba. Tausayinsa kawai na ji, gumi yana bin wuyansa kamar wanda ya yi wuni yana huɗa. Su biyun suka dangwala yatsa, aka buga hatimi. Kafin a tashi aiki na kai wa matar nan mai tabarau, ta karanta, ta ce Allah Ya yi musu albarka, ta sa fayil ɗina a cikin na waɗanda aka karɓa.

Mota ɗaya muka shiga mu uku har Jahun. A tasha hanya ta rabu, Baffa zai nemi ta Miga, mu ta Aujara. Na ɗauki jakar Baba zan bi shi, sai ya karɓe ta daga hannuna.

"Ka raka mahaifinka gida. Ka kwana biyu, ka gaida mahaifiyarka."

Bai taɓa kiransu da waɗannan sunaye a gabana ba. Na ce, "Baba..." Ya ce, "Jeka mana." Ya juya ya nufi motar Aujara, yana tafe da ɗan ɗingishin nan nasa, bai waiwayo ba. Daga baya Inna ta gaya mini washegari bai zauna karatun asuba ba, bai zauna na la'asar ba. Ya leƙa zaure ya ba magidanta haƙuri ya koma ciki. Ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin haka ba, in ba rasuwa aka yi ba.

Bayan wasu makonni aka liƙa sunayen waɗanda suka samu. Na bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu, ban ga kaina ba. A karo na uku na gane ina ta tsallake shi ne. Yana nan, da sunan Baffa a bayansa. Tallafin ba shi da yawa, kuma bai cika zuwa a kan kari ba, amma shi ya riƙe ni a makaranta har na gama. Da sunan na karɓi digiri, da shi nake aiki, shi 'ya'yana suke rubutawa a matsayin sunan kakansu.

Da na je gaya wa Baba sunana ya fito, ya yi hamdala, sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina da buƙatar takardar firamaren nan. Na ce ba wanda zai sake nemanta. Ya ce to in bar masa.

Shekara tara bayan haka ya rasu. Da muka zo kwashe littattafansa, na buɗe gafakar da ba ya bari kowa ya taɓa, na same ta a ninke a ciki. Takardar tana nan fes, ko'ina ana karantawa, har sunana. Wuri ɗaya ne kawai ya yi duhu ya siɗe saboda yawan ɗora yatsa, har haruffan sun goge. Daidai inda na nuna masa ne.