Kogin da Ba a Jiƙa Rogo a Cikinsa

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku, ga ta nan tafe.

'Yata malamar makaranta ce ta kawo labarin, muna zaune a tsakar gida a Bukan Sidi. Wai can nesa akwai wani wata, ba namu ba, yana kewaya wata duniya mai zobe. Tsabar sanyi ruwansa ya daskare ya zama dutse. Amma ana ruwan sama, koguna na gudu, tafkuna cike, kuma duk ba ruwa ba ne, dangin gas ɗin girki ne da sanyi ya mayar ruwa-ruwa.

Mijinta, mai sayar da fetur a galan a bakin titi, har da haɗiyar yawu. "Kai, Mama! A ba ni tiyo ɗaya da jarkoki kawai!"

Na ce, "Tir. Ni na ga irin kogin nan da idona."

Shekarar da tankar kalanzir ta kife a wata gada kan hanyar Doma, rogona na jiƙe a rafin da ke ƙasa, cikin buhuna, an danne da duwatsu, yadda maƙwabciyata 'yar ƙabilar Alago ta koya mini. Garinsa za mu ci har sabuwar doya ta fito. Da na sauka, ruwan yana ƙyalli launi-launi, kifaye sun juya ciki sama. Maza na kwasar mai da bokitai suna shewa, suna tattaka buhunana.

Maƙwabciyata ta shinshina nata rogon, ta zubar, ta kama hanya. Ni uwar mijina ta hana. "Ke 'yar nan, ba a zubar da abinci. Rana za ta janye warin."

Na wanke da toka, na shanya, na daka, na tuƙa. Tuwo ya fito fari tas. Maigida ya kai loma, ya dubi mahaifiyarsa, ya haɗiye. Ya wuni yana gyatsa mai warin fitilar ƙwai. Yara suka yi ta amai a bayan ɗaki. Kaji ma sun ƙi shi. Rami muka haƙa masa, muka shiga damina rumbu wayam.

Na tambayi 'yata, "A watan nan mai kogunan gas, da me ake alwala?"

"Ba kowa a can, Mama."

"Ai dole."

Uwar mijina ta rasu tana cewa shanyar ce ba ta kai ba. Maigida bai ƙara taɓa tuwon rogo ba har ya bi ta. Maƙwabciyata tana Doma wajen ɗanta. 'Yata na nan tana ba ɗalibai labarin watan. Mijinta yana bakin titi, kuma ba ya taɓa kwanona sai ya wanke hannu da sabulu.